Yadda Za Ka Shiga Ƙasar Mutane da Harshensu a Bakinka

Akwai wani canji da ke zuwa a fuskar mutum sa'ad da baƙo ya gaishe shi da harshen da ya sha a nono. Da farko sai ya yi turus, kamar bai ji da kyau ba. Sai gira ta ɗaga, murmushi ya biyo baya, ya ajiye abin da ke hannunsa ya juyo gaba ɗaya. Na ga wannan a tashar jirgin ƙasa, na gani a bakin kasuwa, na gani a layin asibiti, kuma har yau in na gani sai wani daɗi ya ratsa ni. Shi ne ya hana ni zama wuri ɗaya tun ina saurayi. Duwatsu da teku da manyan gine-gine duk na gani na yaba, amma in na rufe ido ina tuna tafiyoyina, fuskoki ne ke zuwa.

Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin da nake bi kafin tafiya, da cikin tafiya, da bayan an dawo. Ba ya bukatar wata baiwa, kuma ba sai ka iya harshen kamar ɗan gari ba. Wata uku na shiri, rabin awa kullum, sun isa a fara.

Mataki na farko: gano harshen da ake yi a tsakar gida

Harsunan duniya sun kai wajen 7,000, ƙasar Papuwa Niyu Gini ita kaɗai tana da sama da 800. Don haka tambayar "wane harshe ake yi a ƙasar?" ba kasafai take da amsa ɗaya ba. Harshen da ke jikin takardar kuɗi da allon filin jirgi daban, wanda uwa ke kiran ɗanta da shi daban. A Maroko za ka ga Larabcin littafi a jarida, ka ji Faransanci a ofisoshi da yawa, amma a titi Darija ake yi, wato Larabcin gari, a ƙauyukan duwatsun Atlas kuwa harsunan Amazigh. A Indiya, Hindi zai kai ka nesa a arewa, amma in ka sauka Chennai, Tamil ne a bakin mutane, kuma da shi suke alfahari. Suwizalan duk ƙanƙantarta harsunanta na ƙasa huɗu ne: Jamusanci, Faransanci, Italiyanci da Romansh. A Basalona kowa na jin Sifaniyanci, sai dai "bon dia" na Katalan ya fi shiga rai.

Saboda haka ka tsayar da gari, ba ƙasa kawai ba, sannan ka bincika me ake yi a garin. Zaɓi harshe ɗaya ka ba shi ƙarfinka. In akwai na biyu, gaisuwa da godiya sun wadatar daga cikinsa.

Kada lissafin masana ya karya maka gwiwa. Makarantar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana bukatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci ko Sifaniyanci, Larabci da Sinanci da Japananci da Koriyanci kuwa wajen awa 2,200. Wannan lissafin wanda zai zauna kan teburin sulhu ne. Kai da kake so ka gaisa, ka tambayi hanya, ka ba da labarin iyalinka, ka ji na wani, rabin awa a kwana 90 awa 45 ke nan, kuma ta isa ta buɗe maka ƙofa.

Mataki na biyu: kunne kafin baki

Mako biyun farko na saurare ne. Nemi gidan rediyon garin a intanet ka bar shi yana yi kana aikinka, ko da ba ka gane komai. Kunne ne ke sabawa da inda murya ke hawa, da inda take sauka, da inda kalma ke ƙarewa. Daga nan ka tsinci gajeren zance, kamar na daƙiƙa 30, ka saurara sau goma, ka bi bakin mai maganar, ka naɗi muryarka a waya ka kwatanta da tasa.

Mai jin Hausa yana da wata garaɓasa a nan, domin kunnensa ya saba da karin sauti da tsawon wasali. Wanda ke bambance kukan yaro da itacen kuka ba zai sha mamaki ba in an ce masa a Sinancin Mandarin "ma" na iya zama uwa, ko doki, ko zagi, gwargwadon yadda murya ta tafi. Haka a Japananci: "obasan" inna ce ko gwaggo, "obaasan" kuwa kaka ce. Ka ja wasalin inda bai kamata ba, ka mai da matashiyar mace tsohuwa.

In harshen yana da nasa baƙaƙe, koye su yanzu. Na Koriya, waɗanda aka ƙirƙira a 1443 zamanin Sarki Sejong, guda 24 ne, na Girkanci 24, na Rashanci 33. Aikin 'yan kwanaki ne, amma shi ke raba ka da makanta a gaban allon motar haya. Rubutun Sinanci ba ya koyuwa haka, don haka ka haddace kamannin kalmomi kaɗan: mashiga, mafita, maza, mata.

Mataki na uku: rubuta kanka a harshen

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mafi yawan masu koyo ke ɓata lokacinsu. Littattafan koyo da manhajojin waya suna cika mutum da jimlolin da ba zai taɓa faɗa ba. Ka ɗauki littafin rubutu ka tambayi kanka: in na zauna kusa da baƙo na awa guda, me zai tambaye ni, me zan so in tambaye shi?

Fara da gaisuwa, tare da amsarta, don gaisuwa ba ta tafiya da ƙafa ɗaya. A Turkiyya in an ce maka "hoş geldiniz", wato sannu da zuwa, amsarta "hoş bulduk". Suna kuma da "kolay gelsin" da ake ce wa duk wanda aka tarar yana aiki, fatan aikin ya zo da sauƙi. Ka faɗe ta ga mai shara ko mai gyaran takalmi ka ga yadda zai ɗago. A ƙasashen Suwahili ƙarami kan ce wa babba "shikamoo", babba ya amsa "marahaba". A Faransa, shiga shago ba tare da "bonjour" ba rashin tarbiyya ne, kuma baƙi da yawa da ke kukan an yi musu shan ƙamshi daga nan matsalarsu ta faro.

Sai yadda ake kiran mutane. Wannan ya fi nahawu muhimmanci a wurina. Faransanci yana da "vous" na girmamawa da "tu" na sabo, Jamusanci "Sie" da "du", Sifaniyanci "usted" da "tú". Riƙe na girmamawa har sai an ce maka ka sauke. Wasu harsunan kuma da sunayen dangi ake kiran wanda ba a sani ba. Baturke zai ce wa dattijo "amca", wato baffa, dattijuwa "teyze", wato inna, wanda ya ɗan girme shi "abi" ko "abla". A Indonesiya "Pak" ne ga namiji babba, "Bu" ga mace. Kalma ɗaya ce, amma tana fitar da kai daga sahun 'yan yawon buɗe ido ta sa ka a sahun 'ya'yan mutane.

Bayan haka sai jimloli huɗu da nake kira makullai: "Yaya ake kiran wannan?", "Don Allah maimaita a hankali", "Ban gane ba", da "Ina koyo ne, ka gyara mini." Da su kowane mutum da ka haɗu da shi ya zama malaminka. Ƙara ƙidaya zuwa ɗari, da kwanakin mako, da neman gafara, da neman taimako in an shiga matsala.

Na ƙarshe, labarinka cikin jimla goma: sunanka, aikinka, iyalinka, dalilin zuwanka, abin da ya burge ka a garin. Ka sa wanda ya iya harshen ya gyara maka, ka haddace har ya zama kana faɗa ba tare da tunani ba. Kowace jimla kuma ka koyi juya ta ta zama tambaya. "Ina da 'ya'ya biyu. Kai fa?" Wannan "kai fa" ita ce ke mai da haddarka hira.

Duka-duka bai fi jimla 60 zuwa 80 ba. Ya isa.

Mataki na huɗu: hana abin zubewa

Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, sannan ta lafa. Maganinta shi ne bita mai tazara: abin da ka koya yau ka duba gobe, sai bayan kwana uku, sai mako, sai wata. Manhajar Anki tana yi maka wannan lissafi, ko ka yi da ƙananan katuna a aljihu. Sharaɗi ɗaya: a katin ka rubuta cikakkiyar jimla, kuma ka faɗe ta da murya. Kalmar da aka haddace ita kaɗai ba ta zuwa lokacin da ake nemanta.

Mataki na biyar: yi magana da mutum kafin ka hau jirgi

Daga wata na biyu, sau biyu a mako, ka yi hira da ɗan harshen. A intanet akwai italki inda ake biyan malami, akwai Tandem da HelloTalk inda ake musayar harshe, ka koya wa wani naka ya koya maka nasa. Hirar farko za ta yi nauyi, kalmomin da ka sani sarai za su gudu. Gara su gudu kana zaune a ɗakinka da su gudu a gaban jami'in shige da fice. Ka roƙi abokin hirar ya gaya maka abin da littafi ba ya faɗa: me ke ɓata wa mutanensu rai daga baƙo, wace magana ce ba a yi da wanda ba a saba da shi ba, me ake kai wa in an je gidan mutum.

Mataki na shida: takardu

Wannan ba ya bukatar dogon bayani, sai dai sakaci da shi kan rushe komai. Ƙasashe da yawa suna so fasfo ya kasance da sauran wata shida kafin ya ƙare. Bizar ziyara ta yankin Shengen a Turai ba ta wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Katin rigakafin zazzaɓin shawara, inda ake nemansa, yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, katin allura ɗaya yana aiki har ƙarshen rayuwa. Ka duba sharuɗɗa a shafin ofishin jakadancin ƙasar da kanka, don suna canzawa. Ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a waya da kuma wurin wani na gida. In kana shan magani, tafi da takardar likita.

Mataki na bakwai: in ka isa, rage sauri

Wanda ya zaga birni bakwai cikin kwana goma ya ga tashoshi bakwai ne. Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya bar garin Tanja ta Maroko a 1325 yana ɗan shekara 21, ya yi kusan shekara 30 yana yawo, amma ba gudu yake yi ba. A Delhi ya zauna shekaru yana alƙalanci, a tsibiran Maldibs ma ya riƙe alƙalanci. Zaman ne ya ba shi abin faɗa. Kai ba ka da shekaru, amma kana iya ba gari ɗaya mako guda.

Ga dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya ba: ka zaɓi wurare uku kusa da masaukinka, kamar ƙaramin shago, da wurin aski, da benci a dandali, ka riƙa komawa kullum a lokaci ɗaya. Ranar farko kai baƙo ne. Rana ta uku an gane fuskarka. Rana ta biyar wani zai tambaye ka daga ina, kuma jimlolinka goma suna nan suna jira. Da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan gari ba ya sakin jiki da wanda ya gani sau ɗaya.

In da hali, bi hanyar ƙasa. Jirgin sama yana kai ka, jirgin ƙasa yana haɗa ka da mutane. Layin TAZARA daga Darussalam ta Tanzaniya zuwa Kapiri Mposhi ta Zambiya kilomita 1,860 ne, kwana biyu kuna kallon juna da abokan zama. Ni a jirgin ƙasan da ke tashi daga Ankara zuwa Kars a Turkiyya, tafiyar da ta wuce awa 24, na samu darasin da ya fi zauna mini. Wani dattijo ne a gabana, mun yi awa biyu ba wanda ya ce uffan. Da na tattaro ƙarfin hali sai na ce, "Merhaba amca, yolculuk nereye?", wato sannu baffa, ina aka nufa? Ya dube ni ya ce, "Erzurum'a, evladım", zuwa Erzurum, ɗana. Daga nan ya fito da hotunan jikokinsa, yana nuna kowanne yana faɗin suna da shekaru. Ya karɓi littafina ya gyara mini rubutu uku da hannunsa. Abin da na gane cikin maganarsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, amma na gane matarsa ta rasu bara, na gane wurin 'yarsa za shi. Na san kalmar ta'aziyya, na faɗa, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Tun daga ranar, ta'aziyya da barka suna cikin jimlolin farko da nake koya a kowane harshe.

Za ka gamu da waɗanda da ka fara harshensu sai su amsa maka da Turanci. Kada ka ji haushi. Wani sauri yake yi, wani taimakonka yake so ya yi, wani shi ma gwajin nasa koyon yake. In wurin aiki ne mai layi, bi shi a gama. In akwai sarari, ka ce kana koyo ne, kana so ya yi haƙuri da kai. Tsofaffi da yara su ne malaman da suka fi kowa haƙuri.

Manhajar fassara tana da ranarta: gaban likita, ofishin 'yan sanda, takardar da za ka sa wa hannu. Sauke harshen a wayar tun kana da intanet. Amma a hira, ka bar ta a aljihu har sai kalma da hannu da zane duk sun gaza, don da zarar waya ta shiga tsakani idanu sun rabu.

Mataki na takwas: karanta abin da ba a faɗa da baki

Baƙo ko da ido makaho ne, don haka kafin ka yi, duba yadda ake yi. A Bulgeriya gyaɗa kai na iya nufin a'a, girgiza shi na nufin i. A Tailan ba a taɓa kan mutum, ba a nuna shi da tafin ƙafa. A Japan ana cire takalmi a bakin gida, kuma ba a bar wa ma'aikaci ɗan ihisani a kan tebur. A Iran akwai abin da suke kira "ta'arof": mai tasi ko mai shago zai iya ce maka ka bar kuɗin, ba komai. Ladabi ne, ba kyauta ba. Ka nace cikin fara'a, ka biya.

Kada ka ɗauki hoton mutum ba izini, musamman mata da yara da masu ibada. Siyasar ƙasar da rikicinta da maƙwabta, in an kawo zancen, saurara ka yi tambaya, kada ka yanke hukunci a kan abin da ka karanta jiya alhali su a cikinsa aka haife su. Abin da addininka ko lafiyarka suka hana ka, koyi faɗinsa cikin jimla ɗaya mai taushi tun kafin a gayyace ka, don ƙin karɓa ba bayani yana yi wa mai masauki ciwo.

Sakin fuska kuma ba sakin hankali ba ne. Wanda ya tare ka a bakin wurin yawon buɗe ido da zumuɗi yana jan ka wani shago, ciniki yake nema. Abota ta gaske ba ta gaggawa. In an gayyace ka gida, sanar da wani inda za ka. Mace mai tafiya ita kaɗai za ta fi samun sauƙi in ta fara ta wurin mata, kuma tana shiga ɗakunan da namiji baƙo ba zai taɓa gani ba.

Kowane dare, kafin barci, minti goma da littafinka: sababbin kalmomi biyar, sunan wanda ka haɗu da shi, sunayen 'ya'yansa, abin da ke damunsa. Wannan shafin zai yi maka amfani fiye da hotuna.

Mataki na tara: bayan an dawo

A nan ne tafiya ke zama abin rayuwa ko ta zama labarin da ake bayarwa sau biyu a manta. Cikin makon farko ka aika wa kowa saƙon murya a harshensa, ko jimla uku ce: na iso lafiya, na gode, a gaida iyali. Hoton da ka yi alkawari, tura shi. Rubuta ranakun bukukuwansu a kalanda, kamar Nowruz, bikin sabuwar shekara da mutanen Iran ke yi wajen 21 ga Maris, ka riga su gaisuwa. Zumunta a ƙafa take, amma in ƙafa ba ta kai ba murya tana kaiwa.

Harshen kuma ka riƙe shi da hira ɗaya a mako da ɗan saurare. In ka tashi ƙara wani, duba danginsa: mai Sifaniyanci ya yi rabin hanyar Fotugisanci da Italiyanci, mai Turkanci zai ji Azarbaijanci da yawa, Indonesiyanci da Malayanci 'yan ɗaki ɗaya ne, Hindi da Urdu a baki kusan abu ɗaya ne ko da rubutunsu ya bambanta. Ni dai ina ganin komawa inda aka san ka sau ɗaya ya fi sabuwar ƙasa biyu, domin a zuwa na biyu ne ake fara gaya maka gaskiyar rayuwa.

Za a yi shekarun da kuɗi ko lafiya ko hidimar iyali za su hana ka motsi. A irin waɗannan shekaru ka duba kusa. Duk inda kake akwai ɗalibi ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin lafiya da ya baro ƙasarsa, wanda ya yi watanni bai ji gaisuwar gidansu daga bakin baƙo ba. Koyi jimla biyar a harshensa ka je ka same shi, ka zama masa abin da dattijon jirgin nan ya zama mini.

A shafin ƙarshe na kowane littafin tafiyata akwai jerin sunaye, a gaban kowane suna akwai ranar da muka yi magana ta ƙarshe, da fensir nake rubutawa don in riƙa gogewa. Farkon kowane wata nakan duba. Duk wanda ranarsa ta wuce wata shida, a daren nan nake buɗe shafinsa, in tuna sunan 'yarsa ko ciwon gwiwar da yake fama da shi, in gwada jimlar sau biyu, sannan in danna in yi magana.